Keken woka, goyo da tabarma: muhawarar iyaye kan zama da tafiyar jarirai

Amaryar Kurna: Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema. Yarona wata biyar da 'yan kwanaki, wuyansa ya tsaya lafiya lau har yana birkitawa, amma bai fara zama da kansa ba sai an tokare shi. To jiya Hajiyar maigidana ta aiko masa da keken nan na roba mai tayoyi da ake zura yaro a ciki, woka, wai a dinga saka shi ƙafarsa ta yi ƙwari ya yi saurin tafiya. Ni kuma ranar da muka je rigakafi na ji nas tana cewa ba shi da kyau, ban dai tsaya jin dalili ba saboda layi. Yanzu in saka shi ne ko in ajiye? kun san dai kyautar uwar miji ba a wasa da ita

Uwar Bakwai: Wa alaikumus salam. Saka shi kawai 'yar nan, nawa duk sun hau kuma ga su nan suna tsalle-tsalle har sun ishe ni. Kina samun sararin yin wanke-wanke ma

Mai Ɗinki Fagge: Nima dai shi ne ya cece ni wlh, in ba shi ba ina zan iya taka keken ɗinki da yaro a cinya

Anti Fisiyo: Amarya sannu da ƙoƙari. Ni a ɓangaren gashin ƙashi na asibiti nake aiki, yara masu jinkirin zama da tafiya su ne abokan hirata kullum, don haka bari in faɗa miki kai tsaye, ki ajiye shi. Ki lura da yaron da aka zura a ciki, ba tsaye yake ba a rataye yake, zanin kujerar ne ya ɗauke nauyinsa, shi kuma da kan 'yan yatsunsa yake tunkuɗa ƙasa yana ɗage dunduniya, ko ƙafar tasa ba ya gani saboda farantin da ke gabansa. Ita tafiya ba daga ƙafa take farawa ba, daga wuya take farawa ta sauko baya da ciki da ƙugu, sai waɗannan sun yi ƙarfi yaro ya koyi riƙe kansa in ya karkata, ya koyi faɗuwa da gindi ya tashi, sannan ƙafa ta ɗauka. Keken duk ya tsallake masa wannan. Kuma naki ma wata biyar, bai zauna ba tukuna, bayan nasa lanƙwashewa kawai zai yi a ciki.

Uwar Bakwai: To Anti mu da namu suka hau kuma suka yi tafiya fa?

Anti Fisiyo: Sun yi tafiya ne don lokacinsu ya yi Yaya, ba keken ne ya koya musu ba, da ba a saka su ba ma za su yi. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne, haɗarin ne. Yaro a ƙasa kafin ya ja ciki ya kai bakin ƙofa kin gan shi, amma a keken nan kan tayil kafin ki juyo daga kwashe tuwo ya isa, kuma ya ƙara tsawo yanzu hannunsa yana kaiwa inda da ba ya kaiwa. Flas ɗin ruwan zafi kan tebur, wayar hita a bokiti, kurfoti da garwashi a tsakar gida, dandamalin baranda, matakalar bene. Kanada tun 2004 suka haramta shi gaba ɗaya, sayarwa, shigowa da shi, talla, har na hannu ba a yarda a sayar ba. Likitocin yara na Amurka su ma sun daɗe suna kira a hana. Mu nan dai ka shiga Sabon Gari ka gan su a rataye kala-kala

Sista Nas Gwale: Hakane. Ƙunar ruwan zafi a ƙirjin jariri ba abin da mutum zai so ya gani sau biyu ba ne

Amaryar Kurna: Innalillahi, mu ma akwai 'yar matakala biyu daga falo zuwa tsakar gida. To me zan dinga yi masa Anti?

Anti Fisiyo: Tabarma. Ki share wuri ki shimfiɗa tabarma ko bargo mai ɗan kauri, ba katifa mai lotsawa ba, ki kifar da shi rub da ciki idonsa biyu kina kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarin da ta fitar a 2019 ta ce jaririn da bai fara motsawa da kansa ba ya samu aƙalla minti 30 a kife a rana, ba a zama ɗaya ba, a rarraba, minti uku nan biyar can. In kin canza masa famfas ki kifar da shi, bayan wanka ki kifar da shi, amma ban da yana gama shan nono don zai yi tumbiɗi. Za ki ga ya dafa ƙasa da gwiwar hannu ya ɗago kai yana gyangyaɗi, bayan kwana biyu ya miƙe hannun duka ƙirji ya bar ƙasa, sai ya fara juyi a wuri ɗaya yana bin abu, wani ma da baya-baya yake fara tafiya yana jin haushi yana kuka don abin wasan nesa yake ƙara yi masa hhhh. Duk aiki ne yake yi.

Maman 'Yan Biyu: Nawa wlh da an kife su sai ihu kamar an yanka su, na haƙura

Anti Fisiyo: Yawancinsu haka suke da farko saboda kan yana musu nauyi. Ki kishingiɗa ki ɗora shi kan ƙirjinki fuska da fuska, wannan ma kifewa ce kuma tun satin farko ana iya yi. Ko ki naɗe ƙaramin tawul ki sa masa ƙarƙashin hammata hannuwan su zubo gaba. Ke ma ki kwanta a tabarmar ki sa fuskarki daidai tasa kina masa surutu. Ba sai kin sayi komai ba, murfin roba mai kala, cokalin katako, gorar ruwa da kika zuba wake kika ɗaure murfin tam da salatef. In ya gaji ya fara dungurar da goshi ki ɗauke shi, anjima a sake

Hajiya Kaka: Assalamu alaikum. Jikata ce take karanta min. Ni dai abin dariya yake ba ni, yau kuma kife yaro sai Turawa sun ce? Mu tara muka haifa a cikin gari duk a kife suke barci, don kar tumbiɗi ya shaƙe su. Kuma kullum in an yi wa jariri wanka sai an miƙe masa gaɓɓai, a haɗa hannu ta baya a lanƙwasa ƙafa a shafe shi da man kaɗanya, shi ya sa 'ya'yan da suka fi na yanzu ƙwari. Ku yanzu kun naɗe yaro a shawul kun ajiye a gado kamar kayan lefe

Sista Nas Gwale: Hajiyarmu barka da yamma, Allah ya ƙara lafiya. Maganarku ta ƙarshe gaskiya ce tsantsa, yaran yanzu kwanciya ta yi musu yawa har ƙeyar wasu take shafewa ta gefe ɗaya. Amma ta barci a kife ku yi haƙuri zan ɗan saɓa muku. Kifewar da Anti take faɗa ta ido biyu ce ana kallonsa. Barci kuwa a rigingine ya kamata har ya shekara, a shimfiɗa mai tauri ba filo ba tarin zannuwa a gefen fuskarsa. In yana rigingine hanyar numfashi ce a sama ta abinci a ƙasa, in tumbiɗi ya taso komawa yake ko ya fito ta gefen baki. A Amurka da suka fara kamfen ɗin kwantar da jarirai a rigingine a 1994, mutuwar nan ta farat ɗaya da jarirai ke yi cikin barci ta ragu da kusan rabi. In dai ya kai yana birkitawa da kansa gaba da baya shi ke nan ba sai an tsaya gadinsa ana juya shi ba

Hajiya Kaka: To Allah ya kyauta. Rai dai na Allah ne

Sista Nas Gwale: Wannan haka yake Hajiya, mu sababi kawai muke riƙewa

Anti Fisiyo: Tausar wanka kuma ni ina goyon bayanta Hajiya, jarirai suna jin daɗinta, a dai yi a hankali kar a tilasta gaɓa ta wuce inda ta tsaya da kanta. Wanda ban yarda da shi ba shi ne riƙo da ƙafa a zazzago kai ƙasa a girgiza, da cillawa sama a cafe tun wuya bai tsaya ba

Baban Yara Naibawa: Salam. Ni fa an taɓo ni a nan, cillawa sama ai shi ne wasan uba 😂 in na dawo daga kasuwa 'yata tana jin ƙarar babur take fara miƙo hannu. Wata takwas gare ta

Anti Fisiyo: Malam ka ɗaga ta sama ka sauko da ita hannunka bai rabu da haƙarƙarinta ba, dariyar ɗaya ce. Kan jariri ya yi wa jikinsa girma, jijjiga mai ƙarfi tana iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, ga fanka a sama ma da mutane ke mantawa. Sannan ban da ɗaga yaro ko lilo da shi ta tsintsiyar hannu, gwiwar hannun ƙananan yara tana gocewa da sauƙi, sai ka ga yaro ya saki hannu a gefe ya ƙi motsa shi yana kuka. Ta hammata ake ɗauka. Amma dan Allah kar ka daina wasan, ka kwanta a kafet ta hau ka ta sauka, ka miƙe ƙafa ta dinga tsallakawa da rarrafe, wannan ya fi kowane abin wasa na kanti

Baban Yara Naibawa: An gama. Dama ni ne kujerarta ni ne dokinta

Malama Ɗorayi: Ni akwai abin da na gani cikin shawarwarin nan na 2019 da Anti ta ambata da ya tsaya min a rai. Wai kar a ɗaure jariri wuri ɗaya fiye da awa ɗaya a jere, kuma cikin misalan har da goyo a baya. Goyo fa! Anti dan Allah haka ne?

Mai Ɗinki Fagge: Kai jama'a. Yanzu an hana keke, goyon ma za a hana? To a kai zan ɗora shi? Wanda ya rubuta wannan bai taɓa yin shara da wanki da girkin rana da yaro mai ƙiwa ba wlh

Uwar Bakwai: Ai na faɗa, in ka biye wa masu littafi ko ruwa ba za ka sha ba

Anti Fisiyo: Hhhh ku tsaya mana. Eh yana ciki Malama, an jera shi tare da keken tura jarirai da kujerar cin abinci. Amma ba cewa aka yi kar a goya ba, kuma ni a ganina goyo ko kusa ba ɗaya yake da kujera ba. Yaro a baya duk sunkuyon da kika yi kina shara, duk takun da kika yi, wuyansa da bayansa suna gyara zama suna aiki, yana jin ɗuminki yana kallon duniya. Ga yadda ƙafafunsa suke buɗewa su rungume ƙugunki gwiwa a lanƙwashe, wannan zaman yana taimaka wa ƙashin cinya ya zauna daram a mazauninsa na ƙugu, akasin naɗe jariri tamau ƙafafu a miƙe a haɗe wanda shi ne ke jawo matsalar ƙugu. Abin da babu a baya shi ne ba zai birkita ba, ba zai dafa ƙasa ba, ba zai ja ciki ya bi murfin kwano ba. To abin da ake nufi kar ya wuni a can tun hantsi har azahar idonsa biyu. In kin gama aikin da ya sa kika goya, kwance majanyin ki sauke shi a tabarma kusa da keken ɗinkin, nesa da almakashi da allura dai

Mai Ɗinki Fagge: Wannan kam zan iya. Sai dai ya cinye min ƙyallaye

Malama Ɗorayi: To batun cewa goyo da wuri ko tsayar da yaro a cinya yana sa ƙafar baka fa?

Anti Fisiyo: Ba ya sawa. Kusan duk jariri da 'yar lanƙwasa ake haifarsa saboda zaman ciki, tana fitowa sosai in ya fara tafiya sannan ta miƙe da kanta wajen shekara biyu. Wadda ake dubawa ita ce in ta wuce nan tana ƙaruwa, ko ƙafa ɗaya ce kawai, ko ga kumburi a wuyan hannu yaro ba ya son tsayuwa. Wannan laushin ƙashi ne, kuma binciken da aka yi a Jos ya nuna a wajenmu yawanci ƙarancin kalsiyam a abinci ne ke kawo shi, ba rashin rana ba. Yaro an yaye shi daga koko sai tuwo, babu madara babu nono babu ɗan kifi

Hajiya Kaka: Zama kuma ai koya wa yaro ake. A sa shi a kwali ko baho a kewaye da zannuwa, mace ma tun kafin namiji ake fara zaunar da ita

Anti Fisiyo: In wuya ya tsaya ba laifi a zaunar da shi tsakanin cinyoyi na ɗan lokaci ana masa wasa Hajiya, yana jin daɗin ganin mutane. A bar shi a kwali ya zube gefe ɗaya haɓa a ƙirji har a gama girki, shi ne babu riba. Wanda ya sha tabarma shi yake koyon shiga zama da fita daga zama da kansa, wanda aka saba dasawa kuma in ya gaji sai dai ya yi kuka a zo a ɗauke shi

Maman 'Yan Biyu: Anti tunda ana maganar, nawa wata 11. Hassan ya gama gidan da rarrafe har yana kama kujera ya miƙe, ita kuwa Hussaina jan gindi kawai take, ta miƙe ƙafa ɗaya ta dinga tuƙawa da ɗayar, kuma wlh ta fi shi sauri in ta ga abinci. Dangin babansu kullum sai sun ce wai mace ce da lalaci, har abin ya fara damuna

Anti Fisiyo: Kar ya dame ki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara masu lafiya a ƙasashe biyar, Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Zama ba tokari daga wajen wata 4 har wata 9 duk daidai ne. Rarrafe daga wata 5 zuwa 13 da rabi. Tafiya shi kaɗai daga wata 8 har kusan 18. Kin ga tazarar, wata goma tsakanin mai sauri da mai nawa kuma duk lafiyarsu ƙalau. Wajen yara 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafen hannu da gwiwa ba sam, kuma ba a ga wani bambancin kirki tsakanin maza da mata ba. Masu jan gindi sukan ɗan makara a tafiya, shi ke nan. Ki dinga ɗora abin da take so kan kujera ko filon kujera a ƙasa don ta durƙusa ta kama ta miƙe. In dai hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki kuma tana taka ƙasa in kin tsayar da ita, ki bar dangi su yi ta magana

Baban Yara Naibawa: Keken katako na kafinta mai taya uku fa Anti, wanda yaro ke turawa ana masa tatata? Shi ma Kanada ta hana? 😂

Anti Fisiyo: Wannan namu ne hhhh, kuma ya fi na roba nesa ba kusa ba don yaro a kan ƙafarsa yake, tafin duka a ƙasa. Sai dai sai ya fara kama abu yana miƙewa da kansa. A tayil gudu yake ya bar yaro ya faɗi da baki, a tsakar gida mai siminti ko ƙasa ya fi, kuma a ce wa kafinta ya goge bakin katakon ya duba ƙusa. Takalmin nan mai kuka ma a bar shi sai za a fita unguwa, a gida ƙafa ba takalmi ta fi, safa kuma santsi take

Sista Nas Gwale: A ƙara da waya. Ƙasa da shekara ɗaya ba a son a ba shi kallo kwata-kwata, amma sai ka ga ɗan wata shida an jingine shi da filo an kunna masa katun ya yi tsit awa guda, uwar tana murna wai ba shi da rigima

Amaryar Kurna: Na gode ƙwarai Allah ya saka. Zan ce wa Abbansa shi ya yi wa Hajiya bayani, ni ba zan iya ba gaskiya

Uwar Bakwai: Ki ciro farantin gaban mai kiɗa ki ajiye masa a tabarma, in Hajiya ta zo ta ga yana wasa da kayanta. Mun ga jiya mun ga yau

'Yar Uwa Rijiyar Lemo: Sallama. Tun ɗazu ina karantawa ban yi magana ba. Nawa shekara ɗaya da wata bakwai ko zama bai iya sosai ba sai ya faɗi gefe, in na tsayar da shi ƙafafun sandarewa suke su harɗe, hannunsa na dama kullum a dunƙule. Ya yi shawara mai ƙarfi satin da aka haife shi, idonsa ya yi ɗorawa, a gida aka yi ta ba shi jiƙo. An ce min nauyin jiki ne babansa ma ya daɗe bai yi tafiya ba, wasu kuma sun ce iska ce, ana ta turare. Maganar tazarar nan da Anti ta yi, shi ma yana ciki?

Anti Fisiyo: 'Yar uwa sannu, Allah ya ba shi lafiya, kuma kin kyauta da kika yi magana. Ba zan ɓoye miki ba, wannan ba na jira ba ne. Ba a gane ciwo ta waya, amma yaron da ya wuce wata 9 bai zauna ba, ko wata 18 bai taka ba, ko jikinsa yana sandarewa ko ya saki lagwai, ko gefe ɗaya ba ya aiki kamar ɗayan, ko ya daina abin da ya riga ya iya, likitan yara ya kamata ya gan shi. Shawara mai tsanani a kwanakin farko tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, har da ji, don haka ki tabbata kin faɗa musu. Addu'a a ci gaba da yi, amma a haɗa da asibiti a satin nan, don ƙwaƙwalwar yaro ƙarami tana karɓar horo fiye da ta babba, duk watan da aka fara gashi da wuri riba ce. Ki fara da asibitin yara na Hasiya Bayero ko asibitin Murtala a nan Kano, su za su tura ki inda ya dace, akwai ɓangaren gashi a asibitin Malam Aminu Kano da na ƙashi na Dala

Hajiya Kaka: Ki kai shi 'yar nan, kar ki saurari kowa. Allah ya tashi kafaɗunsa

'Yar Uwa Rijiyar Lemo: Amin Mama na gode. Me zan tafi da shi?

Sista Nas Gwale: Katin rigakafinsa da duk wata takarda ta haihuwa in akwai. Ki ɗauke shi bidiyo a gida yana kwance, yana ƙoƙarin zama, da lokacin da kika tsayar da shi, don yara in sun ga farar riga kuka suke su ƙi yin komai. Ki yi sammako kuma, ki tafi da abincinsa da ruwa, in da hali babansa ya raka ki ya ji da kunnensa